Idon Wa A Ke Ara Wa Mai Kallo?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a sha'anin yau da kullum haka abin ya ke. Amma wanda ya zauna gaban talabijin, ko ya biya kuɗi ya shiga gidan sinima, ya kamata ya riƙe abu guda a ransa, watau ba da idonsa kaɗai ya ke gani ba. Kafin hoto ya iso gare shi, wani mutum ya riga ya zaɓi inda za a kafa kyamara, da fuskar da za a haska, da lokacin da za a yanke. Wannan mutum shi a ke kira darekta, ko mai ba da umarni. Abin da ya so a gani shi a ke gani, abin da ya kau da kai daga gare shi kuwa ya ɓace.

Misali, a ce faɗa ya tashi a bakin rijiya, mutum biyu suka shaida. Ɗaya yana tsaye bayan mai duka, ɗaya yana gefen wadda a ke duka. Na farko zai ba da labarin ƙarfin damtse da zafin nama. Na biyu zai ba da labarin hannun da ya taho ya rufe ido, da tulun da ya fashe, da tafiya gida ba ruwa. Babu maƙaryaci a cikinsu, amma labarinsu ba ɗaya ba ne. To, kyamara ma sheda ce, kuma tilas ta tsaya a gefe guda.

Wannan magana ba ta da nauyi ainun in fim na barkwanci ne. Nauyinta ya kan bayyana sa'ad da aka zo kan cin zarafin da maza ke yi wa mata, kamar duka da fyaɗe. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa gamuwa da irin wannan a rayuwarta. Ashe ke nan duk inda aka kunna talabijin da wuya a rasa wadda abin ya shafa cikin masu kallo. Saboda haka ya cancanta a duba wani fim da mata suka shirya a kan wannan al'amari, mai suna Women Talking, watau Mata Na Magana, wanda ya fito a 2022, a ga inda ya yi daidai da inda ya gaza.

Abin da ya faru a Bolibiya

Tushen labarin gaskiya ne. A ƙasar Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani ƙauye na manoma Turawa, mabiya wata ɗariƙar Kirista da a ke kira Menonayit. Sunan ƙauyen Manitoba, mutanensa kimanin 2,000 ne. Sun ware kansu daga sauran jama'a, ba su amfani da lantarki, da keken doki su ke tafiya, harshensu kuma wani reshe ne na Jamusanci.

Tsakanin 2005 da 2009 mata da 'yan mata na ƙauyen suka dinga farkawa da safe da ciwon kai da jini da raunuka, ba su san abin da ya same su da dare ba. Da suka yi magana, sai aka ce Shaiɗan ne, ko fatalwa, ko kuwa mafarki ne irin na mata. A 2009 aka kama waɗansu maza suna ƙoƙarin shiga wani gida, asiri ya tonu. Ashe mazan ƙauyen ne ke fesa maganin sa dabbobi barci ta taga, in mutanen gida suka sume su shiga su yi fyaɗe. Waɗanda aka cuta sun fi 100, har da yara ƙanana da tsofaffi. A 2011 kotun ƙasar ta ɗaure mutum bakwai shekara 25 kowannensu, ta kuma ɗaure wanda ya ba su maganin.

Wata marubuciya 'yar Kanada, Miriam Toews, wadda ita ma cikin wannan ɗariƙa ta tashi, ta rubuta littafi a 2018 bisa wannan al'amari. Ba tarihin shari'ar ta rubuta ba. Ta ƙaga wani taro ne da matan za su iya yi, da a ce sun sami dama. Daga littafin nan wata 'yar Kanada kuma, Sarah Polley, ta tsara fim ta ba da umarninsa. A watan Maris na 2023 aka ba ta lambar Oscar saboda tsarin labarin.

Yadda labarin ya ke

A cikin fim ɗin an kama masu laifi an kai su birni. Sauran maza suka bi su don su yi belinsu, suka bar wa mata kwana biyu su yafe, wadda ta ƙi kuwa a kore ta daga jama'a, a ce kuma ba ta da rabo a lahira. Matan nan ba a koya musu karatu da rubutu ba. Don haka da za su jefa ƙuri'a sai aka zana hoto uku, kowace ta zo ta yi alama a ƙarƙashin wanda ta zaɓa. Na farko a zauna kada a yi kome, na biyu a zauna a yi yaƙi, na uku a tashi a bar gari. Na biyu da na uku suka yi kunnen doki. Sai aka wakilta waɗansu mata su hau benen da a ke ajiye ciyawar dabbobi su yanke shawara. Mata takwas daga gida biyu su ne suka zauna har ƙarshe.

Kusan dukan fim ɗin a wannan bene aka yi shi. Akwai Salome, wadda aka cuci 'yarta mai shekara huɗu, har ta kai wa ɗaya daga masu laifin sara da lauje. Akwai Ona, mai ɗauke da cikin da aka yi mata cikin barci. Akwai Mariche, wadda mijinta ke duka, bakinta kuma ya yi kaifi saboda wahala. Akwai tsofaffi biyu, Agata da Greta, da 'yan mata biyu da ke wasa suna kitse gashinsu wuri guda saboda gajiya da zancen manya. Namiji ɗaya ne tare da su, malamin makarantar yara maza mai suna August, an kira shi don ya rubuta abin da aka tattauna. Daga ƙarshe suka yanke shawarar tashi. Gari na wayewa suka ɗaura wa dawaki kekuna, suka kwashi yara, har da yara maza waɗanda ba su kai shekara 15 ba, suka kama hanya.

Abin da aka ƙi nunawa

Babban zaɓin da Sarah Polley ta yi shi ne, tun daga farko har ƙarshe ba ta nuna fyaɗe ko sau ɗaya ba. Abin da ta ke nunawa shi ne wayewar gari. A kan ga mace ta farka, ga shatin rauni a cinyarta, tana kiran uwarta. A kan ga tsohuwa Greta da haƙora a tafin hannu da jini a baki. Hoton ba ya daɗewa, sai a koma bene inda a ke magana. Haka kuma daren da mijin Mariche ya komo daga birni, ba a bi shi cikin ɗaki ba. Da safe ne a ke ganinta ta fito fuska a kumbure, hannu a raunane, sauran mata suka yi tsit.

Don a gane amfanin wannan sai a gwada shi da yadda aka saba. A 1988 an yi wani fim a Amurka mai suna The Accused, bisa wani fyaɗe da aka yi a gidan giya a garin New Bedford a 1983. Niyyar masu fim ɗin mai kyau ce, gama sun nuna cewa waɗanda suka tsaya suna tafi da zuga su ma masu laifi ne. Jodie Foster, wadda ta fito a matsayin matar, ta sami lambar Oscar. Amma da aka zo nuna abin da ya faru, sai aka nuna shi tiryan-tiryan na tsawon mintoci, kuma aka ɗauko shi daga bakin wani saurayi da ya gani ya ba da sheda a kotu. Matar ta yi ta faɗa tun farkon fim, amma ba a buɗe wa mai kallo hoton ba sai da namiji ya buɗe baki. Ko da ba da gangan aka yi ba, darasin da ya fita shi ne maganarta ba ta tsaya ba sai da tasa ta tokare ta.

Haka kuma a 2015, a cikin sanannen shirin talabijin ɗin nan Game of Thrones, aka nuna an yi wa wata yarinya mai suna Sansa fyaɗe daren aurenta, alhali a littattafan da aka ɗauko shirin ba ita abin ya sama ba. Sa'ad da abin ke faruwa kyamara ta bar ta, ta koma kan fuskar wani namiji da aka tilasta wa kallo, yana hawaye. Mata da yawa suka yi fushi, har wata 'yar majalisar dattawan Amurka, Claire McCaskill, ta ce ta daina kallon shirin. Ƙorafinsu shi ne an mai da azabar mace ta zama hanyar nuna baƙin cikin namiji.

Banda waɗannan, kowa ya san shirye-shiryen 'yan sanda masu farawa da gawar budurwa a yashe. Ba a san muryarta ba, ba a san abin da ta ke so a duniya ba, amfaninta kawai ta ba jarumi aikin yi.

Abin da Women Talking ya gane shi ne, hoton duka ya kan ja ido zuwa ga mai ƙarfi. Mai motsi shi ido ke bi. In an nuna aikin, lokacin na mai laifi ne, gama shi ke yi, ita kuwa yi mata a ke yi. In an nuna abin da ya biyo baya, lokacin ya koma hannunta, domin ita ce za ta tashi, ta wanke zane, ta yi tunani, ta yanke shawara. Har wa yau a wannan labari akwai wani dalili na musamman. Matan ba su ga abin da aka yi musu ba, a sume su ke. Da an nuna wa mai kallo, da ya san abin da su ba su sani ba, ya zama ya shiga ɗakin tare da ɓarayin. Da aka hana shi, sai ya zama ba shi da hujja sai irin tasu, watau rauni da maganar baki. Tilas ya zaɓa, ko ya gaskata su, ko ya bi sahun dattawan da suka ce mafarki ne.

Murya da alƙalami

Zaɓi na biyu shi ne na fuskoki. In ban da August, da wuya a ga fuskar babban namiji sosai a fim ɗin. Daga nesa a ke hango su, ko ta baya, ko cikin duhu. Amma yara maza an haska fuskokinsu a aji da wurin wasa, gama tambayar da ta fi damun iyayen ita ce, a wace shekara ɗan da aka goya ya kan zama abin tsoro, kuma wa ya koya masa.

Zaɓi na uku shi ne na mai ba da labari. A littafin, August ne ke ba da labari, tun da shi ya iya rubutu. Da fari haka aka ɗauki fim ɗin, amma wajen haɗa hotuna aka sake shawara, aka ba ɗaya daga 'yan matan nan biyu, mai suna Autje. Ita ce a ke jin muryarta tana gaya wa jaririn da ke cikin Ona yadda aka yi kafin a haife shi. Wannan gyara ya yi kyau ƙwarai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma da an bar muryar namiji a kan fim mai wannan suna, da an rushe ginin da hannun mai shi.

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa zai ji wani abu a nan wanda sauran masu kallo ba lalle su ji ba. Matan nan suna da hankali da hujja, sun haddace addu'o'i da waƙoƙin ibada, suna iya warware magana su kai ta gaɓa. Amma ga maganarsu an rubuta an manna a bango, ba mai iya karanta ko kalma ɗaya a cikinsu. Ba su taɓa ganin taswirar ƙasar da su ke ciki ba, sai da malamin ya nuna wa Ona yadda a ke gane kudu da taurari. Fim ɗin bai yi wa'azi a kan wannan ba, amma ya bar shi a fili: wanda ya hana mace alƙalami ya riga ya yi rabin aikin rufe mata baki. Rashin sani ya fi dare duhu, cikin duhun nan kuwa aka cuce su shekara huɗu.

Maganar haƙuri

Wurin da ya fi kowane ƙarfi a fim ɗin babu jini a cikinsa. Mariche ta yi ta yi wa 'yan'uwanta baƙar magana, har aka tambaye ta dalilin da ba ta kare kanta da 'ya'yanta daga mijinta ba. Sai ta tuna musu cewa ba ta da wata mafita, gama duk lokacin da ta kawo kuka, yafewa a ke ce ta yi. Nan uwarta Greta ta dube ta ta nemi gafararta, domin ita ce ta dinga mai da ita ɗakin.

Wannan wuri ba ya bukatar tafinta ga mai jin Hausa. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba mai musun haka. Amma akwai haƙurin da mutum ya ɗauka da kansa, akwai kuma wanda aka ɗora masa don waɗansu su huta da jin kuka. Fim ɗin ya bambanta su sarai. Matan masu ibada ne, ba su yi niyyar barin addininsu ba. Abin da suka gano shi ne, yafewar da aka karɓa da barazana ba yafewa ba ce, mai laifi kuma ya kan ɗauke ta izni. Sun ga in sun zauna, ko dai a ci gaba da cutar 'ya'yansu, ko kuwa su da kansu su zama masu kisa, addininsu kuwa ya hana zub da jini. Don haka tashin nasu ya zama hanyar tsare imaninsu. Wannan hujja an gina ta daki-daki, kuma ita ce ƙashin bayan fim ɗin.

Abin yabo ne kuma da ba a mai da matan waliyyai ba. Suna zagin juna, suna dariya inda bai kamata ba. Da ɗan Salome ya ƙi bin su, sai ta fesa masa maganin nan da aka cuce su da shi, ta ɗauke shi a sume. Mai kallo ya kan ji tausayinta, ya kuma ji tsoron abin da ta yi, fim ɗin kuwa bai wanke ta ba.

Inda ya gaza

Duk da haka akwai aibi, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, maganar ta cika gyaruwa. Sau da yawa matan su kan yi zance kamar malaman jami'a a zauren muhawara, kowace da ra'ayin da aka rataya mata, ta faɗe shi a tsare. Wadda ba ta yi makaranta ba tana da hikima, amma hikimarta ta kan fito ta hanyar misali da karin magana da labarin gona. Greta kaɗai aka ba wannan, da labaran dawakinta biyu, shi ya sa ta fi sauran kama da mutum mai rai.

Na biyu, an cire Bolibiya. Ba a ambaci sunan ƙasa ba, Turanci a ke yi maimakon harshen mutanen, an kuma dusashe launin hoton har ya yi kama da tsohon zane da ya sha wanki. Sai da motar masu ƙidaya ta wuce tana shela sa'an nan mai kallo ya san a 2010 a ke. An yi haka don labarin ya zama na ko'ina. Amma abin da ya zama na ko'ina ya kan zama ba na kowa ba, mai kallo ya ɗauke shi tatsuniya.

Na uku shi ne mafi nauyi. Matan gaskiya ba su yi wannan ƙaura ba. Yawancinsu sun ci gaba da zama a ƙauyen. Jerin kekunan doki da ke tafiya da hantsi abin sha'awa ne, amma buri ne. Mai kallo ya kan tashi da sanyin zuciya, alhali waɗanda aka ari ciwonsu ba su da ko lantarkin da za su ga abin da aka yi da shi. Fim ɗin bai ɓoye cewa ƙage ne ba, wannan gaskiya ne, sai dai daɗin ƙarshensa ya fi abin da tarihi ya bayar.

Bakin mata ba ɗaya ba ne

Kada a ɗauka dukan mata masu shirya fim sun yarda a daina nunawa. Jennifer Kent, 'yar Ostareliya, ta yi fim mai suna The Nightingale a 2018, a kan zaluncin sojan Ingila a tsibirin Tasmaniya a 1825. Ta nuna fyaɗe fiye da sau ɗaya, har waɗansu suka fice daga kallo a birnin Sidni a 2019. Hujjarta ita ce abin ya faru a tarihi, sassauta shi kuwa rage laifin ne. Amma ita ma ta yi zaɓi, gama a fuskar matar ta ajiye kyamara, ba ta bi jikinta da kallo ba.

Shirin talabijin mai suna Unbelievable na 2019 ya bi tsakiya. Labarin gaskiya ne na wata yarinya a jihar Washington da aka yi wa fyaɗe a 2008, 'yan sanda suka ƙaryata ta har suka tuhume ta da ƙarya, sai a 2011 waɗansu mata biyu masu bincike a jihar Colorado suka kama mutumin, aka sami hotonta a wurinsa. Shirin ya nuna daren a gutsure, ta idonta, kamar yadda tunani ke faɗo wa wanda ya firgita. Abin da ya ba lokaci mai tsawo shi ne tambayoyin da aka yi ta maimaita mata har ta gaji ta janye maganarta.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan kyamara. A fim ɗin Last Tango in Paris na 1972, Maria Schneider tana da shekara 19. Daga baya ta bayyana cewa ta ji an wulakanta ta wajen ɗaukar wani wuri na fyaɗe, darektan kuma, Bernardo Bertolucci, ya amsa a 2013 cewa da gangan ya ɓoye mata wani sashe na abin da za a yi. Irin wannan ne ya sa a 2018 kamfanin HBO ya fara sa ma'aikaci na musamman mai tsare mutuncin 'yan wasa a wuraren da suka shafi tsiraici. Sarah Polley ita ma ta ajiye masaniyar ciwon zuciya a wurin aiki, ta kuma taƙaita sa'o'in aiki don masu yara su koma gida. Fim ɗin da ke kukan an cuci mata bai kamata a cuci mace wajen yinsa ba.

Ashe ke nan abin da ya haɗa waɗannan mata ba doka ba ce ta a nuna ko kada a nuna. Abin da ya haɗa su shi ne kowace ta tambayi kanta a gefen wa za ta tsaya.

Shiru iri biyu

Wani zai ce, in haka ne finafinan Hausa sun riga kowa, tun da kunya da hukumar tace finafinai, wadda aka kafa a Kano a 2001, ba su barin a nuna irin waɗannan abubuwa. To, a nan sai a yi hattara, gama shiru iri biyu ne. Akwai kau da kyamara don a saurari wadda aka cuta. Akwai kuma kau da ita don a rufa wa mai laifi asiri. A ido kamarsu ɗaya, bambancin yana ga abin da ya biyo baya. In an kau da kai daga mari, sa'an nan aka cika sauran fim da dattawa suna ba matar haƙuri, wani ma ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, daga ƙarshe miji ya yi nadama kowa ya yi murna ba a tambaye ta ba, to, wannan shirun dattawan Manitoba ne.

Ƙasar Hausa ba ta rasa matan da suka nuna ɗaya hanyar ba. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ajin manya ta yi karatu. A 1990 ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka mai da shi fim a 1998. Labarin wata mata ce, Rabi, da miji ya wulakanta ya kora da 'ya'ya, ta tashi ta riƙe su da sana'ar abinci. Marubuciyar ta tsaya a gefen Rabi, ta ƙirga mata kuɗin cefane da na makaranta, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Abin da matan bene suka rasa, watau alƙalami a hannunsu, shi ta samu ta yi aiki da shi.

Saboda haka mai kallo yana da ma'auni da zai riƙe, ko fim na Amurka ne, ko na Indiya, ko na Kano. In an nuna an cuci mace, sai ya lura da fuskar da kyamara ta tsaya a kai. Ya lura ko matar tana da suna da buri tun kafin a cuce ta. Ya lura ko an bar ta ta yi magana bayan haka, kuma ko maganarta ta canja wani abu a labarin. In an ɗora Women Talking a wannan ma'auni, zai rinjaya duk da aibinsa, gama ya ba mata takwas kwana biyu su yi magana ba mai katse su, ya kuma sa mai kallo ya zauna ya ji har su gama.